Farin Tambari a Ƙofar Gwamma

A Dajin Madaci kowa ya san matsayinsa, kuma da tsawo ake auna matsayi. Zaki na can bisa dutse yana mulki, wato yana barci ana yi masa kirari. Ƙasa da shi akwai Majalisa, mai zama da hantsi a gindin wani tsohon gamji, manya a tsakiyar inuwa, matsakaita a gefenta, ƙanana kuma a inda rana ke dukan ƙasa. Raƙumin Dawa ne Kakakin Majalisa. An zaɓe shi ne don yana da hangen nesa, kuma ba a yi ƙarya ba, yana hangowa. Abin da ke gindin ƙafarsa ne dai bai taɓa gani ba tun da aka haife shi.

Can ƙarshen sahu, inda inuwa ba ta isowa sai an tashi, akwai gurbi ɗaya tak na Unguwar Ramuka. Unguwa ce mai cunkoso, gafiyoyi da zomaye da kuregu da bushiyoyi, rami jikin rami, inda ƙofar wani ta ƙare nan ta maƙwabcinsa ta fara. Mai riƙe da gurbin wata beguwa ce da ake kira Gwamma.

Gwamma ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoyewa. In aka gaishe ta da fara'ar da ta wuce kima, sai ta koma gida ta duba abin da ya ɓace. Saboda wannan halin 'yan unguwa suka zaɓe ta, don sun lura duk wakili mai saurin yarda da suka tura, ba ya dawo musu da komai sai labarin kirkin manya. A duk dajin maƙwabciyarta Dela, wata gafiya mai tarin 'ya'ya, ita kaɗai Gwamma ke iya barin wa tsaron ƙofa, ita ma sai ta waiwaya sau biyu kafin ta sha kwana. Rauninta ɗaya ne a duniya, ɗanta Barmo. Ta haifi da yawa, damisa ta ɗauki nata, ambaliya ta ɗauki nata, ciwo ya kwashe saura, shi kaɗai aka bar mata.

Daga wani kufai da 'yan Adam suka tashi suka bari a bakin daji zaƙami ya shigo. Tsiro ne mai farin fure da 'ya'ya masu ƙaya, cikinsu dam da ƙananan iri. Wanda ya tauna shi, maƙogwaronsa ya bushe, idonsa ya buɗe, ya shiga hira da waɗanda ba sa wurin. Samarin daji suka gano shi, suka mayar da kufan wurin yini. Wani ɗan gada ya je bakin kogi ya miƙa wa kada gaisuwa da ka, ba a sake ganinsa ba. Birai suka riƙa faɗowa daga reshe suna dariya. Ran nan Gwamma ta iske Barmo tsaye gaban wani kututture yana ba shi haƙuri, ƙayoyinsa na zubewa, ya dube ta bai gane ta ba. Ta yi kukan da ba ta yi wa sauran 'ya'yan ba, domin su an ɗauke su ne, shi kuwa ga shi a tsaye amma babu shi.

Ita ta kai maganar Majalisa.

"Ya mai girma Kakaki," ta ce, tana ɗaga murya don ta isa can sama, "ban zo da dogon zance ba. 'Ya'yanmu na lalacewa muna kallo. Ina roƙon a yi doka a kan zaƙami, doka mai haƙori, wadda za ta hau kan babba kamar yadda za ta hau kan ƙarami."

Ba ta rufe baki ba manya suka amince. Wannan shi ya fara tayar mata da hankali. Shekara da shekaru tana roƙon a hana giwaye bi ta kan ramuka ana ce mata za a duba, yau kuma ga giwa da ɓauna da damisa suna rige-rigen goyon bayanta. Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya tana neman abin da suka hango wanda ita ba ta hango ba, ba ta samu ba.

Aka ɗora wa Burtu tsara dokar, don shi ke haddace dokokin daji yana rangaɗo su da muryarsa mai kama da ganga. Burtu tsuntsu ne mai daraja, sai dai tun da aka ji maharba na ɗaura kan danginsa su yi rarrafe cikin ciyawa, babu wanda ke da tabbacin shi ne ke magana ko wani ne a ƙarƙashin kan. Bayan 'yan kwanaki ya dawo ya tsaya tsakiyar inuwa.

"Ya mai girma Kakaki, ya ku 'yan Majalisa masu daraja. Mun duba kowace kafa, mun toshe. Duk wanda zaƙami ya tsiro a ƙofarsa, manomi ne. Wanda ya ɗauke shi daga nan zuwa can, ko kusa ko nesa, mai safara ne. Wanda ya tura masa ƙasa ko ya tattake shi, mai ɓoyewa ne. Wanda aka ji warinsa a bakinsa, mashayi ne. Laifin farko a tsaga kunne, kuma mai tsagaggen kunne ba ya sauya rami, domin hukuma ta san inda za ta same shi. In a gida akwai mai tsagaggen kunne, duk abin da aka samu a ƙofar nasa ne, ba sai an tambaya ba. Laifi na biyu kuwa, a miƙa mai shi ga Rundunar Sintiri."

Rundunar Sintiri kuraye ne. Wani kurege ya tambaya da 'yar muryarsa me rundunar za ta yi da wanda aka miƙa mata. Burtu ya ce gyaran hali. Kurege ya so ya tambayi tsawon lokacin gyaran, sai ya ga kurayen na kallonsa da sha'awa, ya zauna.

"Idan iska ce ta kawo irin ƙofar mutum fa?" in ji Gwamma.

"Iska ba ta da kunne, Wakiliya," in ji Burtu. "Doka ba ta ɓata lokacinta kan abin da ba za ta iya tsagawa ba."

Manya suka yi dariya, aka wuce wurin.

Sai aka zo kan abin da ya ci yini guda, wato yadda za a yi da zaƙamin da aka kama. Dabbobi ba su da wuta. Aka ce a zuba a kogi, dorina ta ce ita ba za ta kwana cikin ruwan maye ba. Aka ce a watsa daga kan dutse, aka tuna wanda ke barci a kan dutsen. Aka ce to a binne, nan Gwamma ta miƙe ƙayoyinta a tsaye, ta ce ƙarƙashin ƙasa gidajen jama'arta ne, ba juji ba. Aka rasa mafita. A nan ne Gwadabe, shugaban kurayen, ya ɗingiso gaba, ya sunkuyar da kai kamar wanda zai karɓi gaisuwar mutuwa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Kakaki tsawo. Mu bayin jama'a ne. Kowa ya san cikin kura yana narkar da ƙasusuwa, ƙahon ɓauna ma ba ya kwana a cikinsa. To ina ga ɗan ganye da ƙwayar iri? Ni da yarana mun ɗauki wannan nauyi. Duk abin da aka kama, a gabanku za mu haɗiye shi, cutar ta ƙare a kanmu, 'ya'yanku su tsira."

Aka ɗauki tafi da fukafukai da kofato. Ɓauna har da share ido. Gwamma ba ta taɓa jin kura ta nemi wahala da bakinta ba, amma ita ce ta hana binnewa, ba ta da bakin hana wannan kuma. Ta jefa ƙuri'arta tare da kowa, ta koma gida. Da aka kai wa Zaki dokar ya yi hamma, aka sanar cewa ya rattaba amincewa.

Cikin kamun farko aka kama Barmo a hanyar kufai. Gwamma na tsaye aka tsaga masa kunne, ba ta nemi alfarma ba, ko da yake ji ta yi kamar nata ake yankawa. Ta kai shi can ƙuryar rami, ta toshe ƙofa da jikinta. Duk ranin nan yana karkarwa yana zaginta yana roƙonta, ita kuwa ta juya masa baya, ƙayoyi a miƙe, tana hawaye inda ba zai gani ba. Dela ce ke kawo musu saiwa da tsaba tana ajiyewa a bakin ƙofa. Kafin bazara Barmo ya dawo hayyacinsa, sabbin ƙayoyi suka fito, ya fara kiranta Inna da muryarsa ta da. A ranta ta ce, kome dokar nan ta ƙunsa, ta dai dawo mata da ɗa.

Rundunar kuwa ta yi aiki, ba a hana ta yabo. Ta share kufan ƙaƙaf. Duk tsayuwar wata a tara abin da aka kama a gindin gamji, kuraye su jeru su cinye shi har 'ya'yan, Majalisa na kallo tana jinjina. In sun gama sai su tashi suna tangaɗi suna ƙyalƙyala dariya. Amma da yake da dariya da ɗingishi aka san kura tun asali, babu wanda ya ga wani canji.

Suna da wata ɗabi'a ta aiki. Kura da kashinta take shata iyakar inda ta taka, kuma kashinta fari ne fat saboda ƙasusuwan da take ci. Don haka duk ramin da suka bincika ba su sami komai ba, sai ɗayansu ya tsuguna a ƙofa ya bar shaida. Aka sa wa abin suna farin tambari. Wanda ke da shi a ƙofa gidansa tsarkakke ne, hukuma ta tabbatar. 'Yan Unguwar Ramuka, da ba a taɓa ba su shaidar komai ba, suka ɗauki abin da girma. Ana kewaye shi da tsakuwa kada yara su taka. Mai neman aure sai ya leƙa ƙofar surukai ya ga ko akwai. Tsoho Malam Dabgi mai cin gara, da ba ya son a ce masa ko kanzil, har tare hanya yake yi yana roƙon a sabunta masa nasa.

Da aka yi ruwan farko, zaƙami ya tsiro a Unguwar Ramuka, inda ba a taɓa ganinsa ba.

A ƙofar Malam Dabgi aka fara samu. Gwamma ta je Majalisa ta ce dattijon nan ko haƙoran kirki ba shi da su, bai taɓa sa ganye a baki ba, gara kaɗai yake lasa. Burtu ya ce ai ba da sha ake tuhumarsa ba, da noma ne. Aka tsaga masa kunne, kuraye suka cinye shaida, suka sabunta masa tambari don nuna an tsabtace wurin. Ba a jima ba wani ya sake tsirowa. Aka tafi da Malam Dabgi gyaran hali, ya bi su yana ta rantsuwa. A ranar an ga Gwadabe yana sakace.

Daga nan abin ya zama ruwan dare. Gwamma ta zargi iska, ta zargi tsuntsaye, ta zargi wani zomo da ba ta taɓa son tafiyarsa ba. Ta lura sintiri ba ya fitowa sai safiyar da aka kwana da ruwa, kuma kai tsaye suke zuwa ƙofar da abin yake, ba sa ko lalube. Ta ce lallai akwai mai kai musu rahoto. Kwana da kwanaki tana satar kallon Dela, har kunya ta kama ta.

Wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi ta fito za ta Majalisa, sai wari ya tare ta, warin da ta sani a bakin ɗanta. A gefen ƙofarta, cikin da'irar tsakuwa, ga ƙananan tsire-tsiren zaƙami nan kore shar, sun yi cunkus kamar an yafa iri.

Ta koma ciki da baya. "Barmo. Dube ni. Kai ne?"

Ya leƙa, ya ga abin, ya dawo ya dube ta. Ba ta taɓa mance kallon ba.

"Inna, ni da ban taka waje ba sai kina gani? Wallahi ba ni ba ne. Haba Inna."

Ta sake fitowa ta sunkuya ta duba da kyau. Ko ɗaya bai tsiro a wajen da'irar ba. Duka daga tsakiyar farin tambarin suka fito, inda ruwa ya jiƙa shi ya farfashe, ga ma wasu ƙwayoyin iri nan a ciki lafiya lau, sun kumbura suna shirin tsagewa. Ta tuna ƙofar Malam Dabgi mai yawan tambari. Ta tuna bayan kogon kuraye, inda ta taɓa hango wani duhun ganye mai farin fure ta kawar da kai. Ashe cikin da ke narkar da ƙasusuwa bai iya narkar da ƙwayar iri ba, sai ma ya fito da ita da takinta. Ko kuskure ne, ko tun ran da Gwadabe ya sunkuyar da kai ya san abin da yake yi, wannan ne ba ta iya rabewa ba, kuma babu lokacin rabewa. Daga ƙarshen unguwa an fara jiyo dariya.

Ta bi dokar a ranta kafa-kafa, dokar da ita ta roƙa. In ta bar shi, noma ne, kuma na mai tsagaggen kunne ne. In ta ɗauke, ba ta da inda za ta kai shi sai ƙofar wani, kuma a hanya za a tare ta. In ta tura ƙasa ko ta tattake, hancin kura zai tono, laifin ya koma kan Barmo. Burtu bai yi ƙarya ba, an toshe kowace kafa. Guda ɗaya ce ta rage, wato a cinye shi, ita ma don laifin da ke cikinta na mai bakin ne shi kaɗai.

"Bari in cinye, Inna," in ji Barmo. Ta ga hancinsa na motsi, ta ga yawu a gefen bakinsa, tsoro ya ƙara kama ta.

"Koma ƙurya. In ka leƙo ban yafe ba."

Ta sa baki. Ɗaci ne da bauri da ƙasa da abin da ya fi ƙasa muni. Ta cinye ganye, ta tono saiwa, ta tsince ƙwayoyin irin ɗaya-ɗaya, ta lashe wurin har ya yi sumul. Da ta ɗago, Dela na ƙofarta tana kallo baki buɗe.

Gwadabe ya iso da yaransa, ya nufi da'irar tsakuwa kai tsaye. Ya tsaya. Ya shinshina ƙasa, ya ɗago ya shinshina iska ta wajen fuskarta, sannan ya yi murmushi.

"Ranki ya daɗe, Wakiliya. An tashi lafiya? Ƙofa fes, ma sha Allah. Ya jikin yaronmu?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ai yau akwai zama, ko? Mu ma can muka nufa. Mu rankaya, girmanki ne a raka ki."

Ta san ya ji warin. Ta kuma san bai kama ta a nan ba ne don yana da wurin da ya fi so. Amma ta lissafa cewa in ta yi sauri za ta faɗi abin da ta gani kafin ganyen ya hau kanta, kuma in an ji, ƙila a gyara. Ta shiga gabansu, suna biye.

Ƙudurin ranar na Burtu ne. Tun da zaƙami na ƙaruwa a Unguwar Ramuka duk da ƙoƙarin hukuma, a ninka sintiri, a sabunta tambarin kowace ƙofa bayan kowane ruwa. Gwamma ta nemi izini. Kafin roƙonta ya hau zuwa kunnen Kakaki, izinin ya sauko, maƙogwaronta ya riga ya bushe.

"Ya mai girma Kakaki, ni na roƙi dokar nan, kuma ban zo rushe ta ba. Zaƙami annoba ne, na gani a gidana. Amma ku saurare ni. Irin da runduna ke haɗiyewa ba ya mutuwa. Yana fitowa da ransa cikin farin tambari, a ƙofofinmu, ruwa ya sauka ya tsiro. Malam Dabgi bai shuka komai ba, shuka masa aka yi. Wanda ke shakka ya je bayan kogon runduna ya ga gonar da ke wurin. A daina haɗiyewa, a daina tambarin, a nemi wata hanya, ko da..."

Ta tsaya, don ta ga wuyan Kakaki ya rabu biyu, kowanne da kansa. Ta rasa wanda za ta kalla.

"Ko da me, Wakiliya?" in ji Burtu a hankali. "Matso cikin inuwa mana, rana ta yi miki yawa. Matso a ga idonki."

Ba ta so ta matsa ba, ƙafafunta suka matsa da ita a karkace. Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ga Malam Dabgi zaune a kan saiwar gamji, kunnensa na jini. Ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta ce masa ba ta sani ba ne a lokacin. Ta daɗe tana ba shi haƙuri kafin ta ji dariyar. Daga tsakiyar inuwa ta taso, giwa na kaɗa kunne, damisa na birgima.

Gwadabe bai yi dariya ba. Ya fito da fuskar jimami.

"Ya mai girma Kakaki, zuciyata ta karaya. Tun a ƙofarta na ji warin, na ce ko hancina ne ya tsufa, don ba na son in yarda. Uwar dokar da kanta! Yarana na cusa guba a cikinsu dare da rana saboda 'ya'yan wasu, yau ga sakayyar da aka yi musu. Ba na fushi. Ba ita ke magana ba, ganyen ne."

Wata barewa daga gefen inuwa ta tambaya, cikin ladabi, ko da gaske akwai zaƙami a bayan kogon. Burtu ya ce abin da ke wurin ba gona ba ne, shaida ce da ke ajiye a hannun hukuma, kuma doka ta yi maganar ƙofa, ba ta yi maganar baya ba. Barewa ta yi godiya da wannan ƙarin haske.

Kakaki ya miƙa wuya ya duba gabas da yamma. "Daga nan inda nake," ya ce, "ina hango dajin nan kaf, kuma ban ga komai yana tsirowa a ƙofar kowa ba. Majalisa ba za ta gina hukunci kan maganar maye ba."

Aka tsaga wa Gwamma kunne a gindin gamjin. Aka tuɓe ta, aka ce gurbin Unguwar Ramuka zai zauna babu kowa har sai unguwar ta tsarkaka. Ƙudurin Burtu ya wuce ba hamayya, aka ƙara da godiya ta musamman ga runduna. Babu wanda ya lura cewa can cikin rana, inda ƙanana ke tsugune, ko ɗaya bai yi dariya ba. Sun ji abin da ta ce tun kafin harshenta ya karye, kuma kowannensu na da da'irar tsakuwa a ƙofarsa. Suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa na sauri ya riga maƙwabcinsa isa gida.

Sai da rana ta karkata kanta ya fara washewa, kuraye suka rako ta. Unguwar ta canja cikin yini guda. Kowa na zaune a bakin raminsa, ba hira, ba wasan yara. An share ƙofofi tas, amma da yake babu fili a unguwar da ba ƙofar wani ba ne, abin da aka share bai je ko'ina ba. Ta wuce bushiya biyu, wa da ƙani, suna tura farin gari tsakaninsu da ƙafa, ba mai kallon idon ɗan'uwansa.

Barmo na bakin rami. Ya dubi kunnenta, ya shafa nasa, ya fashe da kuka. Ta ce ya yi shiru, ai ga shi ga ta. A ranta kuwa ta san abin da ta kashe yau ba ta da wani irinsa. Da safe ramin na da mai lafiyayyen kunne guda ɗaya, yanzu babu, duk abin da ya sake tsirowa laifi na biyu ne.

Gwadabe ya leƙa ciki, ya zaga, ya fito yana gyaɗa kai.

"Babu komai, Gwaggo. Gida tsaf. Kin ga mu ba ma riƙe mutum a zuciya, haƙƙinki ne a ba ki shaida kamar kowa."

Ya yi wa ɗaya daga cikin yaransa inkiya. Kuren ya shiga da'irar tsakuwa ya tsuguna, ya ɗauki lokacinsa. Suka yi sallama cikin mutunci suka wuce ƙofa ta gaba.

Uwa da ɗa suka tsaya a kan abin. Gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, damina kuwa ko rabi ba ta yi ba.

"Inna," in ji Barmo ƙasa-ƙasa, "ina za mu tura shi?"

Gwamma ta ɗaga kai. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ta Dela. Dela na zaune a bakinta, 'ya'yanta jere a bayanta, sabon tambarinta a gabanta, ta ɗora ƙafa ɗaya a gefensa, tana kallon ƙofar Gwamma. Suka haɗa ido. Babu wadda ta gaida wata, kuma babu wadda ta yarda ta fara shiga ciki, har ruwan ya sauko.